Jiran Sha Biyun Dare a Bakin Ruwan Sidni

Duk ranar 31 ga watan Disamba, a daidai ƙarfe biyu na rana, sa'ad da masallatan Kano da Katsina da Damagaram ke daidaita sahun azahar, a can birnin Sidni na ƙasar Ostireliya agogo ya riga ya buga sha biyun dare, mutanen da adadinsu ya haura miliyan ɗaya sun ɗaga kai sama a gaɓar ruwa, wuta kuma tana ɓarkewa daga kan wata gada ta baƙin ƙarfe har dare ya koma kamar hantsi. Da yawa daga cikinmu sun sha ganin hoton wannan sha'ani a talabijin ko a waya, domin da shi kafofin labarai suka saba buɗe bayanin shigowar shekarar Miladiyya; amma abin da hoto ke kawowa minti goma sha biyu ne kacal, alhali wanda ya je da ƙafarsa ya san cewa waɗannan mintoci su ne ƙarshen wani dogon yini wanda aka auna kowace sa'a tasa da ma'auni. Allah ya nufe ni da halartar wurin sau ɗaya, a wata ziyara da na kai wa ɗan ƙanwata mai karatu a can, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai har yau shi ne hisabin lokaci da aka gina al'amarin a kansa, tun daga lagwanin albarushi har zuwa jirgin ƙasan da ya mai da mu gida.

Sai mai karatu ya fara sanin siffar wurin kafin ya gane dalilin da ya sa wannan birni ya yi wa sauran fintinkau. Ruwan da garin ya kewaye tsohon kwarin kogi ne, wanda teku ta ƙaru a zamanin da ta shigo ta cika shi, saboda haka gaɓarsa ba miƙaƙƙiya ba ce: ta yi lunguna da zirara da tuddai masu kallon juna, kamar yatsun hannuwa biyu da aka sarƙa, ta yadda dubban mutane za su zauna a wurare dabam dabam kowa yana hangen tsakiyar ruwan. A inda ruwan ya tsuke aka ɗora gadar nan da aka buɗe ranar 19 ga Maris, 1932, bisa jagorancin injiniya John Bradfield, wadda bakanta ya kai tsawon mita 503, ƙololuwarta kuma mita 134 daga fuskar ruwa. Kusa da ita ga gidan waƙe da wasanni na Opera, mai rufi kamar filafilan jirgin ruwa, wanda Jørn Utzon ɗan ƙasar Denmak ya zana aka buɗe shi a 1973. Ba don wasan wuta aka gina ko ɗaya daga cikinsu ba. Sai a 1986, wajen bikin cikar rundunar sojan ruwan ƙasar shekara 75, wani gwanin sana'ar mai suna Syd Howard ya ɗaura wutarsa a jikin gadar, mutane suka ga ashe an daɗe da gina musu dandamali ba su sani ba.

Tun daren jajibere ɗan ƙanwata ya ce mini, "Kawu, in dai kana son wuri mai kyau, sai mu fita da mun sallame asuba." Na ɗauka zolaya ce irin ta yara, na ce masa wane irin biki ne na tsakar dare za a yi wa sammako kamar mai zuwa cin kasuwar ƙauye. Ya yi dariya cikin ladabi, bai yi mini musu ba, ya ci gaba da cusa gorunan ruwa da tabarma da laima a jaka. Da muka isa lambun gwamnati da ke gabas da gidan Opera, kusa da zirin ƙasar nan da ake kira da sunan matar Gwamna Macquarie, inda fursunoni suka sassaƙa mata kujera a jikin dutse a 1810, sai na tarar da layi ya riga ya yi lanƙwasa uku, kuma waɗansu a nan suka kwana. Kowane wurin kallo an ƙayyade masa adadin mutanen da zai ɗauka; da ya cika sai a rufe ƙofa, a rubuta a alluna masu haske cewa ya cika, wanda ya makara ya nemi wani. A bakin ƙofa ana buɗe jakunkuna, ba a shiga da kwalba, ba a shiga da giya daga waje. Wani ma'aikaci ya zaro kwalbar lemon da na ɓoye a ƙasan burodi, ya ba ni haƙuri har sau biyu, sa'an nan ya jefa ta a kwando ina ji ina gani.

Daga nan sai zama. Disamba tsakiyar bazara ce a wancan sashe na duniya, domin suna kudu da layin da ya raba ƙasa biyu, kuma ranarsu tana da wani irin cizo wanda ni da na tashi a zafin Afrilu na ƙasar Hausa na raina shi da safe, na kuwa girmama shi kafin la'asar. Mutane suka shimfiɗa barguna a gindin manyan itatuwan ɓaure, kowa ya shata iyakarsa da takalmi ko jaka, aka yi ta karta da karatun littattafai da barci. Na ji harsunan da ban taɓa ji ba, don akasarin masu wannan sammako baƙi ne daga wasu ƙasashe. 'Yan gari da yawa kan kalli abin ne daga baranda, ko cikin jirgin ruwan aboki, ko ma a talabijin. Akwai jinjimi a lambun, farare masu baƙin kai da dogon baki, waɗanda suka saba da mutane har kunya ta fita daga idonsu, ɗaya daga cikinsu ya zare mini yankin burodi daga cikin takarda ina tsakiyar magana.

Mas'alar salla ita ce ta fi ba ni abin tunani. Na riga na yi niyyar zaman da ya wuce kwana huɗu a garin, saboda haka babu ƙasaru a kaina, ga shi kuma wanda ya bar wurinsa ba shi da tabbacin samunsa. Muka yi alwala da ruwan gora a gefen ciyawa, ɗan ƙanwata ya duba wayarsa ya ce, "Kawu, nan za mu fuskanta," ya nuna yamma. Bahaushe ya saba kiran salla da fuskantar gabas, har kalmar gabas ta zame masa sunan alƙibla. To, a Sidni Ka'aba tana yamma, da ɗan karkata zuwa arewa, kuma daga inda muke tsaye ta faɗa hagu kaɗan da gidan Opera. Haka muka yi azahar da la'asar da magariba muna kallon kusan inda dukan taron ke kallo, wata tsohuwa Baturiya da ke kusa da mu kuma tana janye ƙafafun jikokinta don kada su shiga gabanmu, ba tare da kowa ya roƙe ta ba.

Rana ba ta faɗi ba sai bayan ƙarfe takwas. Kafin duhu ya kankama wani jirgi ya ratsa ruwan yana tuƙa hayaƙi, wanda al'ada ce ta 'yan asalin ƙasar, mutanen da suke zaune a wannan gaɓa dubban shekaru kafin jiragen Ingila su sauka a cikinta a Janairun 1788 ƙarƙashin Arthur Phillip. Ƙabilar da ke da wannan yanki ana kiranta Gadigal. Sukan ƙona ganyen itatuwan ƙasarsu, har da wanda muke kira turare ko zaiti, wanda asalinsa daga can aka kawo mana, da nufin tsarkake wuri da yi wa baƙo maraba. Sa'an nan da ƙarfe tara aka yi wutar farko ta kimanin minti takwas, wadda aka tanada domin masu ƙananan yara su gani su tafi gida, a 'yan shekarun nan kuma aka danƙa tsara ta ga masu fasaha daga 'yan asalin ƙasar. Jemagu da tsuntsaye suka tashi a firgice daga itatuwa. Da ta ƙare, aka sake komawa zaman jira na sa'a uku, jiragen ruwa da aka yi wa ado da fitilu suna kai da kawowa a gabanmu.

A cikin wannan jira ne ya kamata a yi bayanin abin da ke cikin wutar, domin wanda ya san shi kallonsa ya fi na wanda bai sani ba daɗi. Asalinta albarushi ne, irin wanda 'yan bindigar sarki ke ɗurawa ranar hawan salla, kuma sunan nan nasa daga Larabci muka aro shi. Mutanen Sin ne suka gano shi wajen ƙarni na tara, a zamanin daular Tang, ya bi hanyar fatake ya iso ƙasashen Musulmi, inda Larabawa suka riƙa kiran gishirinsa da suna ƙanƙarar Sin, wani masani na ƙasar Sham mai suna Hasan al-Rammah kuma ya rubuta yadda ake tace shi a ƙarni na goma sha uku. Haɗinsa abu uku ne: kashi 75 cikin ɗari wannan gishiri, 15 gawayi, 10 farar wuta. Hikimar da ke ciki ita ce, kowace wuta tana bukatar iskar da muke shaƙa kafin ta ci, shi ya sa maƙeri ke zuga. Gishirin albarushi kuwa yana ɗauke da tasa iskar a cikin jikinsa, yana sakinta da ya ji zafi, saboda haka gawayin kan cinye a ƙiftawar ido ko da an toshe shi a cikin bututu.

Abin da ake harbawa sama wani dunƙule ne na takarda mai kauri, siffar ƙwarya rufaffiya, wanda ake zurawa a cikin bututu mai kallon sama. A ƙarƙashinsa akwai albarushin da zai cilla shi. Wannan tashin kuma shi ke kunna wani lagwani da aka yanka bisa awo, wanda zai yi ta ci a hankali dunƙulen yana hawa, har ya kai ga albarushin ciki a daidai lokacin da hawan ya ƙare. In lagwanin ya gaza tsawo, abin ya fashe a kan mutane. In ya zarce, ya fashe yana faɗowa. A cikin ƙwaryar an jera ƙananan curi waɗanda masu sana'ar ke kira taurari, kuma yadda aka jera su a ciki haka za su watsu a sama, in zobe zobe, in fure fure.

Launi kuwa daga ma'adinai yake zuwa, kuma kowace mai girki ta taɓa ganin asalin ilminsa ba ta sani ba: idan miya ta tafasa ta zubo a kan wuta, harshen wutar kan koma rawaya, domin sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri. Haka masu ƙona tsohuwar waya don su fitar da jan ƙarfe sukan ga wutarsu ta yi kore-kore da shuɗi-shuɗi. Dalili shi ne ƙwayoyin zarra na kowane ma'adini sukan haɗiyi zafi, ɓurɓushin da ke kewaya cikinsu, waɗanda masana ke kira ilektaron, su haura wani mataki, sa'an nan in sun sauko su amayar da abin da suka haɗiya a siffar haske. Da yake matakan kowane ma'adini dabam suke da na ɗan'uwansa, launinsa ma dabam ne, ba ya saɓawa. Sitironshiyam ke ba da ja, bariyam kore, kalsiyam ruwan goro, magniziyam da alminiyam fari mai kashe ido, gawayi da garin baƙin ƙarfe kuma ruwan zinariya irin tartsatsin maƙera. Shuɗi shi ne jarrabawar gwanaye, domin haɗin jan ƙarfen da ke ba da shi yana lalacewa in zafi ya yi yawa, yana kuma dushewa in ya yi kaɗan, sai an sami tsakatsaki. Mutanen Italiya ne suka shigo da waɗannan launuka cikin sana'ar wajen shekarun 1830. Kafin nan wutar biki akasarinta ruwan zinariya ce da fari. Ba mamaki ke nan da ya kasance gidan da ke riƙe da wutar Sidni tun 1997, wato gidan Foti, 'yan asalin Italiya ne da suka gaji sana'ar kaka da kakanni tun 1793.

Da sha biyu ta gabato aka riga aka rufe gadar ga motoci, aka haska lambobi a jikin ginshiƙanta, taron ya ɗauki ƙidaya da murya ɗaya daga goma zuwa ɗaya. Abin da ya biyo baya ba zan yi da'awar iya siffanta shi ba, sai dai in faɗi abu biyu da na lura. Na farko, wutar ba daga gadar kaɗai take tashi ba: an jera manyan jiragen dako masu faɗi a tsawon ruwan, kowanne yana harba irin abin da ɗan'uwansa ke harbawa a sakan guda, don wanda ke nesa da gadar ma ya sami rabonsa, kuma kwamfuta ce ke kunna kowane lagwani ta waya bisa jadawalin da aka daidaita da kiɗa, babu mai yawo da ashana. Fiye da tan 8 na kayan wuta ake ƙonawa a daren. Na biyu, ido da kunne sun saɓa wa juna. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 300,000 a sakan, sauti kuwa mita 343 kacal, wato kilomita ɗaya a sakan uku; da yake tsakaninmu da gadar ya ɗara kilomita ɗaya, sai in ga fure ya buɗe shiru, in ƙirga huɗu, sa'an nan ƙararsa ta zo ta doki ƙirjina, ta wuce ta bugi gine-ginen gari ta dawo. Shi ne dai lissafin da ke tsakanin walƙiya da tsawa. Can wajen ƙarshe aka sako wuta ruwan zinariya daga tsawon gadar tana kwarara cikin ruwa kamar labule, jama'a suka yi wata irin sowa da na ji ta a tafin ƙafata.

Wani abin dariya shi ne ita kanta sha biyun da aka yini ana jira ittifaƙi ce ta mutane, ba hukuncin falaki ba. Jihar da Sidni take tana tura agogonta gaba da sa'a ɗaya a bazara, shi ya sa rana ba ta yi zawali ba sai wajen ƙarfe ɗaya, tsakiyar dare ta haƙiƙa ma sai wajen ɗaya. Birnin Birisben, wanda ya fi Sidni kusa da mafitar rana, ba ya taɓa agogonsa, saboda haka sai bayan sa'a guda yake shiga shekarar. Okland ta ƙasar Niyu Zilan kuwa ta riga su da sa'a biyu. Garin ya taɓa tunawa da abin da ba a auna shi da agogo: a daren shiga shekara ta 2000 an rubuta wata kalma guda da fitilu a jikin gadar, mai ma'anar dawwama, don tunawa da wani talaka mai suna Arthur Stace, tsohon soja kuma tsohon mashayi da ya tuba a addininsa na Kirista, wanda ya yi shekara talatin da wani abu yana fita da asuba yana rubuta kalmar da alli a kan daɓen titunan garin, har ya rasu a 1967. Ruwan sama kan wanke allin, washegari ya sake rubutawa.

Babu makawa mai karatu ya tambaya ko wannan ba ɓarnar dukiya ba ce, domin malamanmu sun rarrabe tsakanin israfi, wato wuce haddi a cikin abin da ya halatta, da tabziri, wato zuba dukiya inda ba ta da gurbi. Su ma mutanen garin sun yi wannan muhawara, kuma ba ta taɓa zafi kamar a ƙarshen 2019 ba, lokacin da gobarar daji ta game kudu maso gabashin ƙasar, hayaƙi ya rufe Sidni makonni, fiye da mutum 250,000 suka sa hannu a takardar neman a soke bikin a ba masu kashe gobara da manoma kuɗinsa, wanda ya kai dalar Ostireliya miliyan 6.5. Magajiyar garin, Clover Moore, da majalisarta suka kafa hujja da cewa an fara shiri tun wata goma sha biyar da suka wuce, an riga an kashe mafi yawan kuɗin, akasarinsa kuma na tsaron jama'a ne da shara, sa'an nan bikin yana jawo wa jihar ciniki na kimanin dala miliyan 130. Aka yi wutar, aka kuma tara wa waɗanda gobara ta shafa gudummawa a daren. A wajen lissafi ina ganin hujjarsu ta tsaya, domin sokewa ba za ta dawo da abin da aka riga aka biya ba. Amma a ranar nan ce mutum wajen 4,000 suka fake a bakin teku a garin Mallacoota wuta ta kewaye su, babban birnin ƙasar, Kanbera, kuma ya soke nasa bikin. Mu kuwa da muka tashi inda ake sassauta kiɗan biki in an yi rasuwa a maƙwabta, muna da wata kalma da ba ta shiga littafin akanta, ita ce kara, kuma a ganina a wannan shekara an gaza yin ta. Shekarar da ta biyo, annobar korona ta yi abin da takardar koke ba ta yi ba: aka soke wutar ƙarfe tara, aka rage ta tsakar dare zuwa minti bakwai, aka hana taro a gaɓar.

Da wutar ta mutu sai hayaƙi mai warin farar wuta ya kwanta a kan ruwan, mutane suka naɗe barguna, kowa ya ɗauki shararsa ko ya bar ta. Fitar ita ce aikin da ya fi wuya a wajen hukuma, don waɗanda suka shigo cikin sa'a goma sha biyar so suke su fita cikin sa'a ɗaya. An rufe tashar jirgin ƙasa mafi kusa da ruwan da gangan, don kada a matse a wuri guda, aka kafa shingaye aka raba mu tituna dabam dabam zuwa tashoshi masu nisa, 'yan sanda kuma suna tsayar da ayari su saki ayari kamar masu ba da ruwa a fadama. Ƙafafuna suka yi nauyi, ɗan ƙanwata ya karɓi jakar ya ce, "Sannu Kawu, saura kaɗan," ya kuwa maimaita wannan saura kaɗan har sau huɗu. Muka sami tsayuwa a jirgi wajen ƙarfe biyu, wani yaro yana barci a kafaɗar ubansa da toshiyar kunne har yanzu a kansa. Ina riƙe da ƙarfen jirgin wayata ta yi ƙara, ƙanwata ce daga Kano take tambaya ko ɗanta ya ciyar da ni abin kirki. Na ce mata mun shiga sabuwar shekara lafiya, ta ce su suna nan cikin tsohuwa tukuna, yanzu ma aka kira la'asar, bari ta je ta sauke tukunya.